Tambaya kan kwatarniyoyin baftisma na tagulla da ke tsofaffin majami'un Jamus

Ɗan Panteka ya rubuta:

Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Sana'ata zubin tukwanen alminiyam ce a kasuwar Panteka, kuma kwanan baya kwamitin gini na majami'armu ya neme ni, aka ce tun da ni ne mai aikin zubi a cikin ikkilisiya, in duba ko zan iya zuba kwatarniyar baftisma ta ƙarfe wadda za ta daɗe, a maimakon kwanon da ake ɗorawa a kan teburi. Ɗaya daga cikin dattawan kwamitin ya turo mini hotunan waɗansu kwatarniyoyi na tagulla da ke tsofaffin majami'un Jamus, ya ce irin wannan ransa yake so. Akwai ta garin Hildesheim da mutum huɗu suke durƙushe suna ɗauke da ita, akwai ta Rostock wadda idan an haɗa da murfinta ta kusa mita uku a tsaye, akwai kuma ta Bremen da aka ɗora a kan mutane masu hawan zakoki.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne girmansu, domin ruwan da Fada yake zubawa a kan jariri bai cika moɗa ba, to me ya kawo abin da mutum zai iya zama a ciki? Ina kuma son in san yadda aka zuba abu mai wannan nauyi da wannan ado shekara ɗari bakwai ko takwas da suka wuce, a lokacin da babu gas, babu injin hura wuta, da kuma dalilin da ya sa yawancin waɗanda nake gani sunayen garuruwan arewacin Jamus ne a jikinsu. Idan akwai mai masaniya, ya taimake ni da abin da zan gaya wa kwamiti kafin su sa kuɗin jama'a a cikin abin da ba zai yiwu ba.

Tsohon Katikis, Kakuri, ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka hura wuta. Zan amsa maka batun girma, sauran na bar wa masu sana'a.

A zamanin da aka yi waɗannan kwatarniyoyi ba zuba wa jariri ruwa a ka kawai ake yi ba, tuɓe shi ake yi a tsoma shi cikin ruwan har sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, saboda haka dole abin ya yi zurfi da faɗin da zai ɗauki yaro da hannuwan mai yi masa baftisma. Ban da haka, ba kullum ake tsarkake sabon ruwa ba. A daren jajiberin Ista ake yi masa addu'a, a zuba masa man shafewa, a sake yin haka a jajiberin Fentikos, sannan wannan ruwan ya zauna a cikin kwatarniyar ana aiki da shi wata da watanni. Daga nan murfi ya samo asali, kuma sau da yawa har da makulli, domin ƙura da ɓera, da kuma mutanen da sukan saci ruwan su kai wa masu tsubbu. Mu da muka tashi a tsohuwar ɗabi'a mun ga ƙarshen wannan, don sai bayan babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka sauƙaƙa cewa ana iya tsarkake ruwa a lokacin kowace baftisma. Sanyin ƙasarsu ma ya sa su dabara: ta majami'ar Sebald a Nuremberg, ta ƙarni na 15, an bar mata wurin sa wuta a ƙarƙashi domin a ɗumama ruwan kada jariri ya sandare.

Ka sake duban hoton ta Hildesheim da kyau, domin ita ce ta fi kowace tsari, kuma wanda ya tsara ta ya san Littafi. An yi ta wajen shekarar 1226, tsayinta da murfi kamar mita ɗaya da santimita 70, kuma sunan wanda ya ba da kuɗin, Wilbernus, yana rubuce a jikinta tare da siffarsa yana durƙushe a gaban Maryamu. Mutum huɗun nan da ka gani ba bayi ba ne, kogunan nan huɗu ne na gonar Adnin da aka lissafa a Farawa sura 2, wato Fishon da Gihon da Taigiris da Yufiretis, shi ya sa kowannensu yake riƙe da tulu yana tsiyayar da ruwa. A jikin kwatarniyar an sa baftismar Yesu a Kogin Urdun, sai ƙetarewar Bahar Maliya a ƙarƙashin Musa, sai ƙetarewar Urdun da Akwatin Alkawari, duk labaran mutanen da suka shiga ruwa suka fita a wancan gefe da sabuwar rayuwa. A kan murfin kuma akwai sandan Haruna da ya yi toho, da jariran da Hirudus ya kashe, da mace mai zunubi da ta wanke ƙafafun Ubangiji da hawayenta, da ayyukan jinƙai. Ni a ganina katikisma ce aka zuba da ƙarfe domin iyaye da masu tsaya wa yaro, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba. Don haka idan kwamitinku yana son koyi da su, ya fara da tambayar abin da yake son a koyar a jikin abin, kafin ya yi maganar tsayi.

Malam Maƙerin Fari, Tudun Wada, ya amsa:

Assalamu alaikum. Baba Katikis ya yi bayanin ɓangaren addini, wanda ba fagena ba ne, ni Musulmi ne, amma zubi gadona ne kuma na koyar da shi, saboda haka ƙanena bari in yi maka magana irin ta masu wuta.

Hanya biyu ce, kuma hotunan da aka turo maka sun haɗa duka biyun. Ta farko ita ce zubin kakin zuma, wanda maƙeran Bida da na Benin suka sani sarai. Ana gina ciki da yumɓu, a lulluɓe shi da kaki daidai kaurin da ake son ƙarfen ya yi, a sassaƙa dukan ado a jikin kakin, a bi shi da yumɓu mai laushi sannan mai kauri da aka cuɗa da kashin doki, a bar hanyar zubi da kafofin fitar iska, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba ƙarfe a gurbinsa. Kowane aiki sau ɗaya ake yinsa, domin sai an fasa yumɓun ake fitar da shi. Ta Hildesheim irin wannan ce, shi ya sa siffofinta suka fito ƙwarai daga jikin bango, kuma ba a zubi ɗaya aka yi ta ba, kwatarniya daban, murfi daban, masu ɗaukarta daban. Garin kuwa ya riga ya saba da babban zubi tun zamanin Bishop Bernward, wanda ƙofofinsa na tagulla suke ɗauke da shekarar 1015, kowane ɓari zubi guda mai tsayin fiye da mita huɗu da rabi.

Hanya ta biyu ita ce ta masu zubin ƙararrawa, kuma ita ce ta yi yawancin waɗanda suke ƙauyuka da garuruwan arewa. Idan ka kife irin wannan kwatarniya ka cire ƙafafunta, ƙararrawa za ka gani, kuma a kife ake zuba ta. Ana kafa sanda a tsakiya, a ɗaura masa katako da aka yanka da siffar gefen abin, a riƙa juya shi yana kankare yumɓu har ciki ya fito daidai. A kan wannan a gina kwatarniyar wucin gadi ta yumɓu, a shafe ta da kitse, a manna mata siffofi da haruffa na kaki waɗanda aka fitar daga ƙananan ma'aunai da maigida yake ajiyewa, sannan a gina rigar waje. Idan an gasa, sai a ɗaga rigar sama, a farfashe ta wucin gadin, a mayar da rigar, a binne duka cikin rami a daddaƙe ƙasa kewaye da shi domin kada nauyin ƙarfe ya tsaga yumɓun, sannan a buɗe tanderu ƙarfe ya gangaro ta kwata. Wannan ne ya sa za ka ga siffar manzo guda ta maimaitu a kwatarniyoyi da ƙararrawa na garuruwa dabam-dabam, domin ma'auni ɗaya ne yake yawo a jakar maigida, wani lokaci har ɗansa ya gada. Iyalin Klinghe na Bremen a ƙarni na 15 haka suka yi aiki: Ghert Klinghe, wanda ya zuba babbar ƙararrawar katidiral ɗin Bremen a 1433, shi ne kuma ya zuba kwatarniyar ƙauyen Groothusen a 1454.

Ta Rostock ta 1290 tana koya wani abu da ya shafe ka. Siffofin jikin kwatarniyar tare aka zuba su da bangonta, amma na kan murfin daban aka zuba su aka kafe da ƙusa. Wato su kansu magabatan ba su ɗauki rarraba aiki a matsayin gazawa ba.

Batun wuta kuwa, itace da gawayi da zuga-zugi sun isa, muddin tanderun ya ginu kuma akwai hannuwa da yawa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne alminiyam da ka saba da shi yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai 1085, kuma tagulla ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Akwatin yashin da yake riƙe maka babbar tukunyar biki ba zai riƙe wannan ba.

Malamar Tarihi, Barnawa, ta amsa:

Baba da Malam, na gode, kun rage mini aiki. Saura tambayar arewa, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Da farko dai a sani cewa abin bai tsaya a arewa kaɗai ba. Katidiral ɗin Würzburg yana da tasa ta 1279, aikin wani maigida Eckard na Worms, ta majami'ar garin Wittenberg kuma, inda Martin Luther ya yi wa'azi, Hermann Vischer na Nuremberg ne ya zuba ta a 1457. Wadda ake ɗauka uwa ga dukansu ma ba a Jamus take ba, tana Liège ta Beljiyam, an yi ta tsakanin 1107 da 1118, ana danganta ta ga Renier na Huy, kuma an ɗora ta a kan bijimai goma sha biyu, koyi da babbar kwatarniyar haikalin Sulemanu da ke 1 Sarakuna sura 7, ko da yake goma ne suka rage. Amma gaskiya ne cewa taronsu ya fi yawa daga tsaunukan Harz zuwa bakin Tekun Arewa da Tekun Baltik.

Jan ƙarfe yana kusa, wannan shi ne tushe. Dutsen Rammelsberg da ke gefen Goslar an shafe fiye da shekara dubu ana haƙarsa kafin a rufe shi a 1988, kuma Hildesheim da Halberstadt da Braunschweig duk maƙwabtansa ne. Kuza kuma tana zuwa daga Cornwall ta Ingila da tsaunukan da ke kan iyakar Bohemiya, ta hannun fataken ƙungiyar Hansa, waɗanda Lübeck ce hedikwatarsu. A ɗaya ɓangaren, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa ba ta da dutsen sassaƙa mai kyau, shi ya sa manyan majami'unta na jan bulo ne, kuma ikkilisiyar da take son kwatarniyar dutse sai ta sayo ta daga Bentheim ko daga tsibirin Gotland ta jirgin ruwa. Garin da yake da kuɗi, yake kuma da masu zubin ƙararrawa da tukwanen girki masu ƙafa uku a cikin ganuwarsa, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi ƙarfe. Manyan 'yan kasuwa da 'yan majalisar gari ne suke biya, kuma ba sa ɓoye sunansu.

Hans Apengeter shi ne misalin da na fi so, domin ana iya bin sawunsa daga gari zuwa gari ta rubutun da ya bari: alkukin Kolberg mai rassa bakwai a 1327, kwatarniyar majami'ar Maryamu ta Lübeck a 1337, ta majami'ar Nikolai ta Kiel a 1344. Ta Lübeck tana cin lita 406, wato durom biyu da ɗan ɗori, kuma wannan ya yi kusan daidai da gangar giya ta ma'aunin Hamburg da Bremen mai lita 405, abin da ke nuna cewa maigidan da ma'aunin kasuwa yake lissafi.

Akwai kuma dalilin da ake mantawa, wato abin da ya rage ba shi ne abin da aka yi ba. Tagulla kuɗi ce a tsaye, duk sarkin da ya rasa igwa ita yake hange. Yawancin arewa ta bi Luther, Lutherawa kuwa ba su farfasa siffofi kamar yadda aka yi a wuraren da suka bi Calvin da Zwingli, wasu jagororin Furotesta, ba, kuma Luther da kansa a wa'azinsa na 1519 ya fi son a tsoma yaro gaba ɗaya. Da al'adar zuba ruwa a ka ta yi rinjaye, ba a narkar da tsofaffin ba, sai aka riƙa ɗora ƙaramin faranti a bakinsu. A wuraren Katolika masu arziki kuwa sabon salon ado na ƙarni na 17 da na 18 ya ture tsofaffin kaya da yawa. A yaƙin duniya na biyu gwamnati ta kwashe dubban ƙararrawa zuwa Hamburg domin narkewa, kwatarniyoyi masu daraja kuma aka ɓoye su. Ta Rostock binne ta aka yi a wani ƙauye, ta Hildesheim an fitar da ita kafin bama-bamai su rushe katidiral ɗin ranar 22 ga Maris 1945, ta Lübeck kuwa tana ciki lokacin da majami'ar ta ƙone a ƙarshen Maris 1942, ta tsira.

Ɗan Panteka, akwai abin da nake so ka kai wa dattijon naku. A ƙarnin da ake zuba waɗannan a Jamus, a Ife ana zuba kawunan sarakuna da kaki, siffar nan ta mutum a zaune da aka samu a Tada a bakin Kwara kusan jan ƙarfe tsantsa ce, wanda ya fi tagulla wuyar zubi, kayan tagulla na Igbo-Ukwu a ƙasar Ibo kuma sun girme su duka da ƙarni uku ko fiye. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa mundayen ƙarfen da Fotugis suka riƙa kawowa, waɗanda maƙeran Benin suka narkar, yawancin ƙarfensu daga yankin Rhine na Jamus ya fito, kuma a 2022 Jamus ta mayar wa Nijeriya mallakar kayan Benin fiye da dubu ɗaya. Ba na ganin hikimar kwaikwayon rawanin waliyyan Jamus a ƙasar da take da nata hannun.

Dattijon Ikkilisiya, Narayi, ya amsa:

Na karanta duka, kuma na ƙaru, amma bari in faɗi ra'ayin da ba a faɗa ba. A ɗarikarmu ba ma yi wa jarirai baftisma, sai wanda ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, kuma nutsar da shi ake yi a rafi ko a tafkin siminti da aka gina a harabar majami'a, saboda haka ko ta Rostock ba za ta ishe mu ba. Ba gardamar koyarwa nake nema ba, kowa da abin da ya gada. Abin da nake jan hankalin kwamiti a kai shi ne halin da muke ciki a garin nan, inda ake kwance wayoyin wuta da murafan kwalbati a kai wa masu sayen ƙarfe a kilo. Abin da zai ci kilo ɗari na jan ƙarfe zai buƙaci mai gadi, kuma wannan kuɗi ne na kowane wata wanda ba a sa shi a lissafin farko.

Ɗan Panteka ya sake rubutawa:

Iyayena, Allah ya saka da alheri. Baba na Narayi, maganarka ta gadi zan kai ta yadda ka faɗe ta. Malam, idan kwamiti ya yarda da ƙarama, wadda za a ɗora a kan gindin dutse ko siminti, ta ina zan fara, kuma wane ƙarfe zan saya?

Malam Maƙerin Fari, Tudun Wada, ya amsa:

Ƙanena, ka tsaya a faɗin da bai wuce santimita 50 ba, ka zuba kwanon shi kaɗai ba ado sai layi da rubutu a baki, sannan siffofin da Baba Katikis zai zaɓa muku ka yi su da kaki ɗaya bayan ɗaya ka kafe su daga baya, kamar murfin Rostock. Idan ɗaya ta lalace, ita kaɗai ka yi asara.

Kada ka nemi gamin ƙararrawa, wanda kuzarsa takan kai kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, domin an yi shi ne saboda amo, yana da tauri da saurin tsagewa, kuma ba ya karɓar zarto. Kuza kamar kashi goma ta isa. Abin da za ka fi samu a Panteka shi ne tsofaffin kawunan famfo da makamantansu, waɗanda gamin jan ƙarfe da tutiya ne, kuma suna zubuwa da kyau, ta Liège ma da Malama ta ambata irin wannan gami ce. Sai dai yawancinsu akwai dalma a ciki, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, saboda haka abin da ruwansa zai taɓa fuskar jariri gara a yi shi da wayar jan ƙarfe mai tsabta da kuza da ka san asalinta, kuma kada a bar ruwa ya kwana a ciki har ya yi tsanwa. Farin hayaƙin da tutiya take fitarwa a wuta yana sa zazzaɓi, don haka a fili za ka narka, iska tana bayanka.

Tukunyar ƙarfen da kake narka alminiyam a ciki ba za ta yi ba, sai ta girafait, kuma ka auna kakin da ka yi aiki da shi ka ninka nauyinsa sau goma domin ka san ƙarfen da za ka tanada, har da na hanyar zubi. Rubutun baki da haruffan kaki za ka manna shi yadda ake karantawa, domin idan a cikin rigar yumɓu ka zana shi kai tsaye, a juye zai fito, kuma akwai tsofaffin ƙararrawa a Jamus da suke ɗauke da irin wannan rubutu na baibai har yau. Ka bari sai damina ta wuce kafin ka gina yumɓun, ka gasa shi har ya daina fitar da tururi, domin ɗigon laima a cikinsa ya isa ya watso maka narkakken ƙarfe a fuska.